Kwantiragin ƙanina da finafinan bayan fagen waƙa

Zainab Rikkos: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, amma sai na ɗan yi dogon bayani. Makon jiya sanyin nan ya hana ni fita, na zauna na cinye datata a kan shirye-shiryen dokumentari masu tona yadda harkar waƙa take a bayan fage. Na kalli na Britney Spears wanda ya fito a 2021, na kalli na samarin nan biyu na Milli Vanilli, na ƙara da na Lou Pearlman, manajan mawaƙan da aka ɗaure kan zamba, da ke Netflix. Ban gama jinjina abin ba sai ga ƙanina Abba da takarda shafi 11, wai wani kamfanin waƙa a Abuja zai ɗauke shi. Shekara 5, kafin alƙalami naira miliyan ɗaya da rabi, su ɗauki kashi 70 shi 30. Yaron ko barci ba ya yi don murna. Ni kuwa gabana faɗuwa yake. Abin da ake nunawa a finafinan nan haka yake har a nan, ko kuwa ni ce kallo ya tsorata?

Ɗanjuma Bukuru: Miliyan ɗaya da rabi? Anti Zainab ki tambaye su ko suna neman mai tafi, ina nan.

Sadi Mai Kiɗa: Wa alaikumus salam Yaya Zainab. Shekarata 12 ina situdiyo a nan Jos. Abu na farko, kuɗin nan ba kyauta ba ne, bashi ne. Sai sun cire shi daga kasonsa kafin ya sake ganin ko sisi. Kuma daga kashi 30 ɗin nasa za su cire, ba daga kuɗin gaba ɗaya ba. Ki duba ko sun rubuta cewa kuɗin bidiyo, situdiyo, talla, har otal da tufafi duk a wuyansa suke. In haka ne, zai iya shekara 3 ana jin muryarsa a kowace keke daga Terminus har Farin Gada, shi kuwa ana binsa bashi.

Zainab Rikkos: Akwai wani waje mai kama da haka a shafi na 4. Innalillahi.

Malam Tasi'u: Ni shawarata gajeriya ce. Yaro ya koma makaranta ko a buɗe masa shago. Harkar da tun a ƙasar masu ita ake kuka da ita, me za a tsinta a cikinta?

Anti Kulu: Malam, ai ba shawarar barin waƙa ta nema ba. Wanda ya riga ya shiga ruwa, iyo ake koya masa.

Barista Ladi: Barkanku. Ina Abuja amma Tudun Wada ce ta raine ni, don haka ina da bakin magana. Zainab, abin da Sadi ya faɗa daidai ne, sai dai akwai wanda ya fi rabon kason muhimmanci: wa ya mallaki masta? Masta shi ne asalin naɗin da aka yi a situdiyo, wanda daga shi ake kwafar duk sauran. Waƙa ɗaya dukiya biyu ce a idon doka. Akwai baitin da karin, na wanda ya tsara su. Akwai kuma naɗin kansa. A dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, haƙƙin tsara waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, na naɗi kuma shekara 50. Kin ga ke nan takardar da ake cewa ta shekara 5 ce tana iya riƙe abin da jikokin Abba za su gada.

Mawaƙiyar Amurka Taylor Swift a kan wannan ta yi faɗanta. A 2019 aka sayar da kamfanin da ya mallaki mastocin kundin waƙoƙinta shida na farko, a kan kusan dala miliyan 300, ba da son ranta ba. Da yake ita ta tsara waƙoƙin, sai ta koma situdiyo ta riƙa sake naɗe su, tana fitarwa tun daga 2021. Sai a 2025 ta sayi na asalin. Wannan fa mace ce mai lauyoyi kamar yashi. Mawaƙi Prince kuma a 1993 sunansa ma ya ajiye, ya riƙa rubuta kalmar bawa a kumatunsa saboda rigimarsa da kamfanin waƙa na Warner.

Ɗanjuma Bukuru: Barista duk Turawa kike kawowa. Mu a nan ana yi mana haka?

Barista Ladi: Ɗanjuma, ka san dalilin da Kiss Daniel ya koma Kizz Daniel a 2018? Rigimar kotu ce da tsohon kamfaninsa, har da batun sunan. Brymo ma a 2013 kotu suka shiga da kamfanin Chocolate City. Ba na cewa ga mai gaskiya a cikinsu, kowa da hujjarsa. Abin da nake nufi, Zainab ta duba ko sunan da Abba ke waƙa da shi ma sun rubuta nasu ne.

Baba Iliya: 'Ya'yana, ku ba tsoho wuri. Na yi shekara 31 a gidan talabijin kafin na yi ritaya, na yanka fim da hannuna tun ana amfani da kaset. Zainab ta yi tambaya biyu ne amma kun amsa ɗaya. Ta ce abin da ake nunawa gaskiya ne? To ku ji. Dokumentari ba shaidar kotu ba ne. Mutum ne ya ɗauki awa 80, ya zaɓi awa ɗaya da rabi ya nuna muku. Sauran awoyin suna ina? Wa ya ce a zubar da su?

Ni in zan kalli irin waɗannan, daga ƙarshe nake farawa, inda sunaye ke hawa. In na ga mawaƙin da ake ba da labarinsa shi ne furodusa, ko kamfaninsa ne ya zuba kuɗi, na san talla zan kalla. Talla mai kyau, har da hawaye, amma talla. Wanda Beyoncé ta fitar a 2019 ita ta ba da umarninsa da kanta. Wanda aka yi a 2024 kan daren da taurarin Amurka suka taru a Janairun 1985 suka naɗi waƙar tallafa wa masu yunwa a Habasha, Lionel Richie yana cikin furodusoshinsa, kuma shi ne babban mai ba da labari a ciki. Na ji daɗinsa ƙwarai, har na maimaita. Amma ba za ka jira mai gida ya nuna maka inda ɗakinsa ke yoyo ba.

Ga kuma wani tarko da mai kallo bai sani ba. Ba ka isa ka sa waƙar mutum a fim ba sai da izinin mai masta da mai haƙƙin tsarawa. To in fim ɗinka zagin kamfanin yake yi, wa zai ba ka izinin? Shi ya sa mafi yawan masu tonon sililin sai kamfanin ya rushe, ko mai laifin ya mutu. Wancan Pearlman da kika kalla, a kurkuku ya mutu a 2016, fim ɗin Netflix kuma sai 2024.

Zainab Rikkos: Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi ban taɓa lura da sunayen ƙarshe ba, da sun fara nake kashewa. Amma na Britney fa? Ai ba da ita aka yi ba.

Baba Iliya: Shi ya sa ya yi kaifi, 'yata. Jaridar New York Times ce ta yi shi, kuma ya taimaka wajen tayar da ƙura har kotu ta cire ta daga riƙon da aka yi mata tun 2008, wanda ya sa dukiyarta da harkokinta a hannun mahaifinta, a Nuwamban 2021. Amma ita kanta ta fito ta ce abin da ta gani a ciki ya kunyata ta, ta yi ta kuka. Kin ga, ko mai ceton naka da hotonka yake ciniki.

Malam Tasi'u: To ai maganata ce ta fito. Masu waƙa ci, masu fim ci, mai kallo a cinye masa data.

Sadi Mai Kiɗa: Malam, tireda ma ai ci ne, ba wanda ya buɗe shago don lada kawai. Ni abin da ya taɓa ni a cikin finafinan nan ba taurarin ba ne. Akwai wanda aka yi a 2013 kan 'yan amshi, mata baƙar fata da muryarsu ke cikin manyan waƙoƙin duniya amma ba wanda ya san fuskarsu, har ya ci Oscar. Na kalle shi a situdiyo da dare ni kaɗai, na daɗe ban tashi ba. Don labarinmu ne. Akwai kiɗan da na haɗa wa wani yaro a kan naira dubu 15, ya biya ni dubu 10 ya ce zai ciko. Waƙar ta zagaye Arewa, an yi ta a bukukuwan da ban isa a gayyace ni ba. Sunana ko a ƙasan bidiyo babu. Cikon dubu 5 ɗin ma har yau.

Ɗanjuma Bukuru: Faɗi sunansa mu je masa!

Sadi Mai Kiɗa: A'a, ya wuce. Laifina ne da ban rubuta komai ba. Kunya ta hana ni, wai kada a ce na cika son kuɗi.

Anti Kulu: Sadi ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Ni na yi amshi da waƙar fim kusan shekara 9 kafin na yi aure. Ku da kuke mamakin Milli Vanilli, wai an ƙwace musu kyautar Grammy a 1990 don ba su suka rera ba, wani furodusa Bajamushe ne ya sa wasu suka yi su kuma suna motsa baki, mu ai sana'armu ke nan a fim ɗin Hausa. Ni ke rerawa, jaruma ke motsa baki, kuma ba ɓoyewa ake yi ba, kowa ya sani. Bambancin shi ne can ƙarya aka yi wa mai saye, nan kuwa ba a yi ƙarya ba, an dai manta da mu ne. A biya ki kuɗin zama ɗaya, ki hau mota ki koma gida. Kaset ya fita, daga baya CD, 'yan kasuwa su buga dubbai, jaruma ta samu kyautar atamfa da waya daga masoya, ke kuwa ki ji muryarki na tashi a shagon mai shayi ki wuce kamar ba ke ba. Wata rana a Bauchi Road na ce wa mai keke ni ce ke waƙar da ya kunna. Ya waigo ya dube ni da buhun dankalina, ya yi dariya har ya kusa hawa kwalbati.

Zainab Rikkos: Anti Kulu! Ashe da 'yar fim muke zaune ba mu sani ba.

Anti Kulu: Tsohuwar zuma ce, a bar ta a tulu. Amma in faɗi gaskiya, ba duka ne baƙin ciki ba. Da kuɗin amshin na yi difloma. Kuma kaɗan daga cikinmu sun yi suna da kansu, irin su Fati Nijar. Abin da nake so Abba ya sani, murya kaɗai ba ta riƙe mutum.

Nura Gangare: Ni ban yarda da yadda ake ta zuga yarinyar nan ba. Kowa na zagin kamfani, amma wa ke zuba kuɗin? Kamfani zai ɗauki yara 10, ya kashe wa kowa miliyoyi, 9 su faɗi, ɗaya ya tashi. Daga jikin ɗayan nan zai fanshe asarar tara. In ba riba wa zai yi? M.I da Jesse Jagz da Ice Prince duk daga garin nan suka fita, kuma ta hannun kamfani duniya ta san su. Da sun zauna suna tsoron takarda da yanzu suna Jos muna gaisawa a layin cire kuɗi. Finafinan nan ba sa nuna yaran da aka kashe wa kuɗi suka gudu da sun ga haske, don wannan labarin ba ya sa kuka.

Barista Ladi: Nura, maganarka akwai ƙamshin gaskiya, kuma na taɓa tsaya wa kamfani a irin wannan shari'ar. Ba cewa nake kada ya sa hannu ba. Kashi 70 da 30 ma ba abin tashin hankali ba ne ga sabon yaro in su ke ɗaukar duk ɗawainiya. Inda ake yanka mutum a ƙananan layuka ne. Masta na dawo masa bayan wasu shekaru ko har abada nasu ne? Yana da ikon turo akanta ya duba littafinsu? In sun ajiye shi shekara guda ba su fitar masa da komai ba, zai iya tafiya? Kason nasu ya tsaya a waƙa, ko ya haɗa da wasan biki, talla, da duk abin da ya samu? 'Yan matan ƙungiyar waƙa ta TLC a Amurka sun sayar da miliyoyin faifai, amma a 1995 suka je kotu suka ce sun tsiyace. Ba don ba a sayi waƙarsu ba.

Nura Gangare: To a haka na yarda. Amma a daina nuna kamar duk mai kamfani ɓarawo ne.

Ɗanjuma Bukuru: Ni tambayata, tunda yanzu kowa na iya ɗora waƙarsa a Audiomack da YouTube da kansa, kamfanin me?

Sadi Mai Kiɗa: Ɗorawa ba wuya, a ji ka ne aiki. Kullum dubban waƙoƙi ke hawa. Kuma kuɗin sauraro a nan ƙasar kaɗan ne, don abin da mai saurare ke biya a wata bai kai dala 2 ba, daga nan ake raba wa kowa. Spotify ta shigo Najeriya a 2021, ta ce a 2024 mawaƙan ƙasar nan sun samu sama da naira biliyan 58 a wajenta. Ji adadin kamar a yi guɗa. Amma ka tambayi kanka nawa ya haura Abuja ya iso Arewa. Masu sauraronmu har gobe wajen masu turi suke zuwa a cika musu memori da ɗari biyu. Mawaƙin Hausa da biki yake ci, da liƙi, da waƙar 'yan siyasa, da ɗan abin da YouTube ke bayarwa. Shi ya sa in kamfani ya sa hannu a kuɗin biki, ya kama maƙogwaro.

Baba Iliya: Kun tuna min da marigayi Ɗan Maraya. Shi kaɗai da kuntiginsa, ba ɗan amshi, ba makaɗi, ba manaja mai jaka. Na sha ganinsa ya shigo gidan talabijin a natse, a kunna kyamara ya zauna ya yi abinsa a ɗauka ɗaya. Ya rasu a Yunin 2015. Ku shiga YouTube yanzu ku ga tashoshi nawa ke ɗauke da waƙoƙinsa, da na Shata, ku tambayi kanku aljihun wa kuɗin tallan ke shiga. Wannan shi ne dokumentarin da nake so in gani kafin in mutu, kuma ba Bature ne zai zo ya yi mana ba. Garin nan akwai hukumar finafinai ta ƙasa, akwai makarantar koyon fim, akwai kwalejin talabijin ta NTA. Kowace shekara yara na fita da kyamara a hannu. Ayo Shonaiya ya ajiye faifan da ya riƙa ɗauka shekara da shekaru, ya haɗa tarihin Afrobeats ya kai Netflix a 2022. Na Legas ne, ta idon Legas. Namu kasusuwan suna cikin kwalaye suna cin ƙura, wasu ma an naɗi wani abu a kansu don ƙarancin kaset. Da hannuna na goge wasu, Allah ya yafe mini.

Anti Kulu: Baba, in za a yi, ni zan yi magana. Amma rabin waɗanda suka san zancen ba za su buɗe baki ba, don gobe wajen mutanen nan za su koma neman aiki.

Baba Iliya: Shi ne abin da na faɗa ɗazu, 'yata. Nan ma sai an jira mutuwa.

Malam Tasi'u: Ni dai har yanzu ina kan bakata, amma tunda ba za a ji ba, a rubuta komai a sa shaidu. Wannan ko a addini haka aka ce a yi da bashi. Kuma kada yaro ya sa hannu babu babba a wajen.

Barista Ladi: Malam yau mun haɗu a layi ɗaya. Dokar ma ta ce sallama haƙƙin mallaka ba ya tabbata sai a rubuce, shi ya sa takardar nan ta fi duk alkawarin baki da suka yi masa. Zainab, kada ku yi amfani da lauyan da su suka kawo. In suka ce sai yau ko a fasa, ku bar su su fasa.

Zainab Rikkos: Sun ce Juma'a suke son amsa. Abba yana nan kusa da ni yana karanta komai, ya cika ya yi fam, wai na kai shi kasuwa. Amma ya ce a tambayi Barista, akwai inda aka rubuta wai yarjejeniyar za ta sabunta kanta in bai cika kundi 3 ba. Me ke nan?

Barista Ladi: Ke nan shekara 5 ɗin ado ce. Su ke da ikon cewa ga ranar fitar da kundi, in sun ja ƙafa shi ke ci gaba da zama. Turo min shafi na 4 da wannan ta akwatin sirri, ki rufe sunan kamfanin in kina so. Zan duba bayan na fito daga kotu gobe.

Sadi Mai Kiɗa: Abba, in ka huce ka biyo situdiyo da yamma. Ka zo da waƙoƙin da ka riga ka naɗa, mu lissafa su a takarda da kwanan wata, kada a wayi gari an haɗa da su a cikin cinikin.

Ɗanjuma Bukuru: Ni kuma har yanzu ba a ba ni amsar zancen mai tafi ba.

Zainab Rikkos: Barista na turo. Hoton shafi na 4 ya ɗan yi duhu, an ɗauke wuta, in an kawo zan sake ɗauka.